Verlie Mai Wasiƙu da Gasar Gogen Tolliver

Da gardama aka fara gasar goge ta garin Tolliver, kuma a maniƙar Lonzo Keen aka yi gardamar, cikin watan Agustan 1927. Lonzo mutum ne da ke son goge fiye da yadda goge ke son sa. Ran nan mutane na zaune bisa buhuna suna jiran a niƙa musu masara, sai wani ɗan gabashin rafi ya ce a duk faɗin duwatsun nan na Virginia babu masu jan izga kamar mutanensu. Lonzo ɗan yamma ne. Ya tsayar da dutsen niƙa cak, ya fito fari fat da gari har gira.

"Maimaita, ban ji ba."

"Cewa na yi mun fi ku. Ku naku gogen sai ka ce an take wa kyanwa wutsiya."

"To, baki ba zai raba mu ba," in ji Lonzo. "Asabar mai zuwa kowa ya ɗauko gogensa ya same ni a filin makaranta. Na sa cinyar alade guda da buhun gari."

Mutum goma sha ɗaya suka zo. Bayan amalanke aka mayar dandamali, aka zaunar da alƙalai uku sun ba masu kiɗa baya, don kada kunyar ido ta hana su faɗin gaskiya. 'Yar Lonzo, Verlie, shekararta tara a lokacin, ita aka ba riƙon cinyar aladen, ta rungume ta tun tsakar rana har yamma. Wani ɗan gabas ne ya cinye gasar. Lonzo ya zo na tara. A hanyar gida ya ce wa 'yarsa alƙalan nan kurame ne, dole a sake baɗi da wasu. Aka sake baɗi da wasu, ya zo na goma sha biyu. Haka abin ya zauna. Kowace Asabar ta biyu ga Agusta sai an taru, Lonzo na gaba wajen shiri, yana baya wajen sakamako, har ƙarshen ransa.

Verlie ma ta gwada goge. Wata guda tana fama da shi a bayan gida, har uwarta ta ce kaji sun daina ƙwai, a zaɓa ko goge ko karin kumallo. Hannu dai Allah bai ba ta ba, amma ya ba ta kunne. Sau ɗaya za ta ji kiɗa ya zauna mata daram. Ko an rufe mata ido za ta faɗi hannun da ke jan izgar, har ta ƙara da cewa yau mai hannun ya sha ko bai sha ba.

A barandar Cephus Redd kunnen nan ya ƙoshi. Cephus maƙeri ne, baƙar fata, gidansa shi ne na ƙarshe a can saman kwari. Gogen da ke hannunsa na kakansa ne, wanda ya yi wa iyayen gijinsa kiɗan rawa tun zamanin bauta. Kowace Lahadi bayan an taso daga coci, Lonzo kan ja hannun 'yarsa su hau can, su tarar da wasu fararen fata irinsu sun riga su, kowa da gogensa a cinya. Kawu Cephus suke ce masa, yadda ake ce wa kowane dattijo baƙar fata don kada baki ya kira shi Mista.

Cikin masu zuwa akwai wani saurayi dogo, Arvel Tackett, mai hannu kamar ruwa, mai rawar kai. Shi Cephus ya koya wa wani kiɗa da ya tsara da kansa, mai suna Alfadari Ya Ƙi Gada.

"A hankali, yaro," Cephus kan ce masa. "Alfadarin nan turjewa ya yi a bakin gada, mai shi na ja yana ja. Kai ka mayar da shi dokin sukuwa. Ina kake sauri, gobara ake a gidanku?"

Ranar gasa kuwa, Cephus ba ya shiga fili. A bayan shinge yake tsayawa, ƙarƙashin wata babbar bishiya, ya jingina da ita, hularsa a hannu, yana jin kiɗe-kiɗensa na fitowa daga hannun wasu. Verlie na da shekara goma sha ɗaya ta tambayi ubanta.

"Baba, ai Kawu Cephus ya fi su duka. Me ya sa ba ya hawa?"

"Kin cika tambaya," in ji Lonzo, bai dube ta ba. "Haka muka tarar. Ungo wannan, kai masa."

Ta kai masa wake da burodin masara a faranti, ta miƙa ta saman shinge. Ya karɓa, ya gode, ya ce, "Ki ce wa babanki tsirkiyarsa ta biyu ta sauka. Tun daga nan nake jin ta tana kuka."

A 1939 Verlie ta auri Doyle Mullins, mai raba wasiƙu. Shekara huɗu suka yi tare, ba su haihu ba, aka kira shi yaƙin duniya. Ta karɓi aikinsa riƙon ƙwarya kafin ya dawo. Wasiƙar da ta ce ba zai dawo ba, ita da kanta ta tsince ta a jakar safe, da sunanta a kai. Ta karanta a tsaye, ta ninke, ta sa a aljihun riga, ta ɗaura wa alfadari sirdi. Mai gidan waya ya ce ta koma gida, zai nemi wani. Ta ce akwai mata talatin a bakin akwatunan wasiƙunsu suna jiran labarin nasu mazan, kuma babu wanda ya san hanya sai ita. Sai da ta raba wasiƙa ta ƙarshe, a can gefen dutse inda babu kowa, sannan ta sauka ta zauna a ƙasa ta yi kukanta.

Riƙon ƙwarya ya zama shekara talatin da bakwai. Mil arba'in da shida kullum, kwana shida a mako, da farko bisa alfadari, daga baya cikin wata tsohuwar jif ta soja wadda ba ta da ƙofa. Ta ratsa laka, ta ratsa dusar ƙanƙara, ta san karen kowane gida da sunansa. Ta kuma san gidan da aka rataye goge a bango, da gidan da aka tura shi ƙarƙashin gado saboda matar gida ta ji fasto ya ce akwatin Shaiɗan ne.

Lonzo ya rasu a 1951. Bayansa gasar ta fara ramewa. Samari sun tafi masana'antun Ohio, waɗanda suka rage sun koma kwaikwayon kiɗan rediyo, tsofaffi sun zauna gaban talabijin. A 1956 mutum huɗu kaɗai suka hau dandamali. Kwamiti ya zauna a shagon Arvel Tackett, wanda yanzu ya yi tumbi, ya ci gasar sau biyar, shi ne kuma shugaba. Verlie ta shigo da wasiƙun shagon, ta ajiye, ta ƙi fita.

"Mis Verlie, abin babanki ya mutu," in ji Arvel. "Alƙalai uku, makaɗa huɗu. Ko jana'izar kare ta fi haka jama'a."

"Bai mutu ba, Arvel, zaman gida ya yi. Na san inda yake, kullum ina wucewa ta ƙofarsa. Ku ba ni shekara ɗaya."

"Mace a kwamiti?" in ji wani daga bayan buhunan ƙusa.

"Wa ya nemi kujerarku? Ku riƙe abinku, dama zama kuka fi iyawa."

Suka yi dariyar dole, suka ba ta shekarar, don sun san ba za ta iya ba.

Ita kuwa ta san tsofaffin nan ciki da bai. Roƙo ba ya ta da su, amma gori na ta da su ko daga gadon asibiti. Sai ta tsaya a akwatin Tsoho Hobart na yamma, ta miƙa masa jarida, ta ce kamar ba komai, "Kana ganin Estil na gabas zai iya jan izga har yanzu?" Hobart ya tofar da taba ya ce, "Estil? Ko yana saurayi ma tsinken sakace ya fi ƙarfinsa." Bayan awa biyu tana ƙofar Estil.

"Hobart na gaishe ka. Ya ce ko kana saurayi tsinken sakace ya fi ƙarfinka."

"Shi Hobart ɗin? Wanda karensa ke gudu daji in ya ɗauko goge?" Estil ya juya ya ƙwala wa matarsa kira. "Ina kika kai mini gogena?"

"Yana inda Ubangiji ba ya son ganin sa," in ji matar daga kicin.

"To, fito da shi ya sha iska!"

Verlie ba ta taɓa ƙara wa maganar kowa gishiri ba. Ta ce abin da aka ba ta shi take kaiwa, aikinta ke nan. Wanda tsirkiyarsa ta tsinke ta kawo masa sabuwa daga gari. Wanda izgarsa ta zube ta nemo masa gashin wutsiyar doki. Wanda ya ce ya manta kiɗan ubansa, ta kashe mota ta rera masa shi da baki tun daga farko har ƙarshe, har sai ta ga yatsunsa sun fara motsi a kan gwiwa. Ranar gasar 1957 ta gama rabon wasiƙu da wuri, ta yi sahu uku tana jigilar tsofaffi, kowa rungume da gogensa kamar jariri. Mutum ashirin da uku suka hau. Estil ya zo na uku, Hobart na huɗu, suka yi shekara ba su yi wa juna magana ba, kuma babu wanda ya sake fashi a cikinsu. Arvel ya zo ya cire hula a gabanta ya ce daga yau ita ce mai kiran suna a lasifika, tun da ita ta san kowa.

Ana nan, wajen 1963 sai baƙi suka fara zuwa. Samari ne da 'yan mata na manyan biranen arewa, gashi har kafaɗa, wasu ko takalmi babu, kowa da rikoda rataye a wuya. Su kafa tanti a filin makaranta, su bi tsofaffi gida-gida suna naɗar kiɗa. Da farko abin dariya ne. A 1967 wani ɗan New York ya zo na biyu, dariya ta ƙare.

Da shekara ta zagayo, gab da gasa, kwamiti ya sake zama a shagon Arvel, wannan karon da Verlie a kan kujera.

"Waɗannan ba su san ƙamshin ƙasar nan ba," in ji Arvel, yana dukan kantar shagon. "Daga cikin akwatin rikoda suka koya. Sun kwashi abin iyayenmu suna yawo da shi kamar su suka haife shi. Na ce a hana su hawa."

Verlie ta ce, "Hanawa ba ta da kyau, Arvel. Amma gaskiyarka, bai kamata mutum ya ɗauki abin wani ya yi shiru ba. A sa doka. Duk wanda ya hau, baƙo ko ɗan gida, kafin ya ja izga ya faɗi daga wurin wa ya samu kiɗan."

"Yawwa!" in ji Arvel. "Mu ji ko za su ce daga rikoda!"

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Shi Arvel har ya fi kowa ɗaga nasa.

Kashegari da hantsi ta tsayar da jif a gidan ƙarshe na saman kwari. Cephus na baranda cikin kujera mai lilo. Ya kai shekara casa'in, yatsunsa sun ƙandare kamar saiwa, 'yarsa Odessa ce ke kula da shi. Dokar ƙasa ta wariyar launin fata ta sauya tun shekara huɗu da suka wuce, an cire allunan da ke ƙofofi masu hana baƙar fata shiga, amma babu wanda ya hau kwarin nan ya ce masa shingen filin makaranta ya faɗi. Har bara a gindin bishiyarsa ya tsaya.

Verlie ta hau matakala ta tsaya. "Ina kwana, Mista Redd."

Ya ɗaga kai ya dube ta da kyau. "Yau kuma wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu." Ta gaya masa dokar da aka sa, ba ta ɓoye masa abin da take nufi da ita ba. Ta ce tana so ya zo, ya shiga ta ƙofa, ya zauna a gaba.

"Shekara arba'in da ɗaya ina gindin bishiyar nan, ciyawar wurin ta san takalmina," in ji shi. Ya ɗan yi lilo. "Shekarar da kika yi jigilar tsofaffi, sau uku na ji motarki a ƙasan kwari. Na sa farar riga ina zaune a nan. A lokacin hannun nan yana aiki, Verlie."

Maganar ta soke ta. Ta so ta ce hanya ce ba kyau, ko ta ce zamani ne, amma ta san shi ma kunne gare shi.

"Na sani," ta ce. "Na iso har mararraba, na tsaya, na juya. Tsoro na ji. Ba ni da wata hujja bayan wannan."

Odessa ta fito bakin ƙofa, hannunta duk gari. "Baba, kada ka je. Ba ka da abin da za ka karɓo a wurinsu."

"Ban ce zan shiga ba," in ji tsohon. "Inda na saba zan tsaya. In ji ko bakinsu zai iya ɗaukar sunana."

Ranar gasa rana ta buɗe sosai, mutane sun fi dubu. Mata na sayar da soyayyar kaza da wainar tuffa, yara na bin juna tsakanin motoci. Odessa ta ajiye wa ubanta kujera a bayan shinge. Verlie ta riƙe lasifika ta karanta sabuwar doka, ta kira suna na farko.

Ɗan New York ɗin nan ne. Arvel ya naɗe hannu yana murmushi. Saurayin ya ce ya koyi kiɗansa daga Mista Estil, a kicin ɗinsa, bayan ya yi masa kwana huɗu yana faskare. Estil ya miƙe daga cikin jama'a ya ce, "Gaskiya ne! Kuma faskaren nasa ya fi gogensa muni!" Aka yi dariya.

Sai 'yan gida suka fara hawa. Na farko ya ce daga babansa.

"Shi kuma babanka daga wa?" in ji Verlie.

Mutumin ya sosa ƙeya. Ya san ta sani. "Daga Kawu Cephus."

Na biyu ya ce daga yayansa, shi kuma yayan daga Kawu Cephus. Na huɗu bai jira tambaya ba. Kafin a kai na goma hayaniyar fili ta ragu, mutane sun fara waiwaye wajen bishiya. Wani ya hau ya ce shi daga sama ya samu nasa, ya hura hanci. Verlie ta bar shi ya kaɗa, ya sauka babu wanda ya tafa. Cikin mutum talatin da ɗaya da suka hau ran nan, goma sha bakwai kiɗansu a barandar nan ta saman kwari ya samo asali.

Arvel ne na ƙarshe, kamar yadda ya saba. Kowa ya san abin da zai kaɗa, kowa kuma ya sha jin sa yana cewa Alfadari Ya Ƙi Gada shi ya tsara shi yana saurayi. Ya hau a hankali, fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya tsaya kusa da Verlie ya rage murya.

"Kin yi mini tarko, Verlie."

"Kai ka fi kowa ɗaga hannu. Ina wurin ranar da aka koya maka, Arvel. Amma ba zan faɗa ba, bakinka ne."

Ta miƙa masa lasifika. Ya riƙe ta, ya dubi ƙasa, ya dubi jama'a. Arvel mutum ne mai girman kai, amma ba ƙaramin mutum ba ne.

"Wannan kiɗan ba nawa ba ne," ya ce. "Sau biyar na ci gasar nan da shi ina cewa nawa ne. Wanda ya tsara shi, ya koya mini ina shekara goma sha bakwai, bai karɓi komai ba, ga shi can a bayan shinge. Kawu..." Ya tsaya, ya gyara. "Mista Cephus Redd."

Ya sa goge a kafaɗa ya kaɗa, kuma ya kaɗa shi da kyau. Da ya kai ƙarshe, kafin tafi ya tashi, sai ga muryar tsoho daga gindin bishiya, siririya amma ta isa ko'ina.

"Har yanzu gudu kake, Arvel! Na ce maka turjewa ya yi!"

Fili ya ɓarke da dariya, har Arvel ɗin, yana dariya yana goge ido da bayan hannu. Ya sauka da gogensa, ya ratsa jama'a, ya fita ta ƙofa ya zagaya bayan shinge. Babu wanda ya ji abin da suka ce wa juna. An dai ga Arvel ya ɗauki kujerar, Odessa ta riƙe hannun ubanta, suka shigo ta ƙofar fili a hankali, mutane na darewa suna cire hula. Wasu ba su cire ba. Wasu ma tattara iyalansu suka yi suka kama hanyar mota.

Cephus bai yi goge ba, hannu ya riga ya tafi. Ya dai zauna a layin gaba har aka raba kyauta, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya gaya masa inda ya yi kuskure.

Abin bai wuce salin-alin ba. Mutum biyu suka fita daga kwamiti. Akwai gidajen da aka daina miƙo wa Verlie kofi da sanyin safe. Wata Talata ta buɗe wani akwatin wasiƙa ta tarar da maciji a ciki, da ransa. Ta sa sanda ta fitar da shi, ta sa wasiƙun, ta leƙa ta ce wa mai gidan da ke laɓe bayan labule, "Wannan ba shi da kan sarki, ba zan iya kai shi ba!" Ta ja motarta. Da labarin ya zaga gari, mutumin ya fi wata bai iya shiga shagon aski ba.

Cephus ya rasu da bazara mai zuwa. Arvel na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa, ya roƙi Odessa izini kafin ya sa hannu. Shekara biyar bayan haka jikar Cephus, 'yar Odessa, ta hau dandamali da tsohon gogen gidan, ta zo ta biyu. Verlie ta ce alƙalan sun yi daidai, yarinyar na da sauran aiki a hannun dama, ta kuma je har gida ta gaya mata haka. Da shekara ta zagayo yarinyar ta zo ta ɗaya.

In aka yabi Verlie kan abin da ya faru a 1968, ba ta karɓa. Takan ce a yaba wa wanda ya yi jira, ba wanda ya makara ba. Abin da take so a tuna mata shi ne a shekara talatin da bakwai ba ta taɓa ɓatar da wasiƙar kowa ba.

Ta ajiye aiki a 1980, amma ba ta ajiye lasifika ba. Gasar ta girma har filin makaranta ya yi mata kaɗan, aka koma makiyayar da ke bayan tsohuwar maniƙa, aka mayar da ita kwana uku. Makaɗa suka riƙa zuwa daga Kanada, har daga Japan. Kowa ya hau sai ya faɗi malaminsa, wani ya jero suna biyar a jere, kuma kaiton wanda ya yi ƙarya, don tsohuwar nan mai tabarau da ke gefen dandamali za ta ce, "A'a, ɗana. Wancan ba ya karya kiɗan nan haka. Sake tunani."

A 1995, shekara guda kafin rasuwarta, sabon kwamiti, duk yaran da aka haifa a gabanta, suka zo gidanta da furanni. Shugabarsu ta ce sun yanke shawara za a sa wa gasar sunanta, har an fara zanen allo, za a kafa a bakin hanya.

"Allon nan katako nawa zai ci?" in ji Verlie.

"Babba ne, Mis Verlie. Sai an gan shi tun daga kan gada."

"To, ku saurara. Mutum dubu huɗu kuke tarawa, banɗaki biyu gare ku. Bara da idona na ga wani tsoho ya rasa layinsa na hawa yana tsaye a layin banɗaki, da gogensa a hammata. Ku kwashi katakon nan ku je ku yi abin da ya kamata."

"Amma sunanki..."

"In kun matsu ku rubuta shi a ƙofar ɗaya daga ciki. Na mata."

Ba su rubuta ba, kunya ta hana su. Banɗaki shida dai suka gina kafin Agusta. Ranar buɗe gasa ta sa aka tura ta a keken guragu ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ce na huɗu sakatarsa ba ta kamawa, a gyara kafin a kira suna na farko.